Abin da asibiti zai koya daga matuƙan jirgin sama, da inda kwaikwayon ke tsayawa

Ranar 29 ga Maris, 2005, an shigar da wata mata mai suna Elaine Bromiley, 'yar shekara 37, ɗakin tiyata a wani asibiti a Ingila domin ƙaramin aiki a hanci. Lafiyarta ƙalau in ban da matsalar hancin. Da aka yi mata allurar barci sai aka kasa zura mata bututun numfashi, aka kuma kasa tura mata iska ta takunkumin fuska yadda ya kamata. Cikin 'yan mintoci iskar oksijin da ke jininta ta faɗi zuwa kashi 40 cikin 100. Ƙa'idar aikin a rubuce take, kuma kowa a ɗakin ya san ta: idan bututu ya ƙi shiga, iska ma ta ƙi shiga, a huda maƙogwaro ta gaban wuya a buɗe wa numfashi hanya. Manyan likitoci uku ne a kanta, biyu na sa barci, ɗaya na kunne da hanci da maƙogwaro, dukkansu sun daɗe a bakin aiki. Suka duƙufa suna ta sake gwada bututun, ba wanda ke duba agogo. Wata nas ta je ta ɗauko kayan huda maƙogwaro ta ce ga su, babu wanda ya tanka mata. Wata ta buga waya ta nemi gado a sashen kulawa ta musamman, ta dawo ta faɗa, irin kallon da aka yi mata ya sa ta koma ta soke. Matar ta yi kusan minti 20 ƙwaƙwalwarta ba ta samun isasshiyar iska. Ba ta sake farfaɗowa ba, ta rasu bayan kwana 13.

Mijinta, Martin Bromiley, matuƙin jirgin sama ne. Ya ɗauka bincike zai biyo baya kai tsaye kamar yadda ake yi in jirgi ya yi haɗari, sai aka shaida masa ba a saba yin haka ba sai an shigar da koke ko ƙara. Ya nace har aka yi binciken, bai kuma nemi a kori kowa ba. Rahoton ya nuna cewa ilimi bai yi ƙaranci a ɗakin ba, kayan aiki ma suna nan. Abin da aka rasa shi ne wanda zai ja ragama, da wanda zai lura da tafiyar lokaci, da hanyar da maganar nas za ta isa kunnen likita. A 2007 ya kafa ƙungiya mai koya wa ma'aikatan lafiya waɗannan abubuwa, domin abin da ya karanta a rahoton ya riga ya san shi daga makarantar tuƙin jirgi.

Masu harkar jirgin sama da jini suka sayi wannan ilimi. Ranar 27 ga Maris, 1977, a filin jirgin tsibirin Tenerife na Sifaniya, jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na KLM ɗaya na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin KLM shi ne shugaban masu horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfanin. Ya taka jirgi ba tare da an ba shi cikakken izinin tashi ba. Injiniyan da ke zaune bayansa ya tambaya ko jirgin Pan Am ya riga ya kauce daga titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce, injiniya ya ja bakinsa. A Disamban 1978 wani jirgin United Airlines ya yi ta kewaya sararin birnin Portland a Amurka kusan awa guda, kyaftin ya tattara hankalinsa a kan matsalar ƙafafun sauka, mai yana ƙarewa. Abokan aikinsa sun ambaci maganar man, amma a kaikaice, kamar masu tunatarwa cikin ladabi. Injina suka mutu, jirgin ya faɗi, mutum 10 daga cikin 189 suka rasa rayukansu. Lafiyayyen jirgi ne da zai iya sauka tun da farko.

Bayan waɗannan haɗurra hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta kira taro a 1979, kuma a 1981 United Airlines ta fara wani horo da yanzu ya zama wajibi ga matuƙan jiragen fasinja, wanda ake kira CRM, wato horon aiki tare tsakanin ma'aikatan jirgi. Ginshiƙinsa shi ne cewa ƙwararre ma yana kuskure, musamman idan ya gaji ko ya tsorata ko hankalinsa ya maƙale a kan abu ɗaya, don haka dole a tsara aiki yadda na kusa da shi zai kama kuskuren kafin ya yi ɓarna. Kyaftin yana nan da ikonsa, shi ke yanke hukunci na ƙarshe. Abin da ya sauya shi ne an ɗora wa mataimaki wajibin magana, an ɗora wa kyaftin wajibin saurare, ana kuma jarraba su a kan haka cikin na'urar kwaikwayon tuƙi kamar yadda ake jarraba su a kan sauka da tashi.

Wannan shi ne darasi mafi nauyi, kuma shi ne mafi wuyar ɗauka a asibitocinmu. An rene mu a kan girmama na gaba. Yaro ba ya katse babba, ba ya ce masa ka yi kuskure a gaban mutane. Tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma a ɗakin tiyata tana iya cin rai. Ga kuma tsohuwar tsama tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya a Najeriya, wadda kowa ke gani a takun saƙar ƙungiyar likitoci ta NMA da ta sauran ma'aikatan lafiya ta JOHESU, kuma ba a bakin ƙofar ofis take tsayawa ba, tana bin mutane har gefen gadon majinyaci. Nas da aka taɓa yi wa tsawa a gaban ɗalibai saboda ta yi tambaya, gobe in ta ga abu za ta yi shiru, ko ta faɗa da muryar da ba za a ji ba. Ce mata ta riƙa yin ƙarfin hali ba ya wadatarwa. Sai an ba ta kalmomin da asibiti ya amince da su tun kafin ranar, kowa ya san ma'anarsu.

Tsarin da hukumomin lafiya da na soja a Amurka suka fitar a 2006 mai suna TeamSTEPPS ya shimfiɗa maganar hawa-hawa. Da farko a kira mutum da sunansa ko muƙaminsa, a faɗi abin da ido ya gani da lamba: "Dakta, oksijin ya sauka zuwa 80, minti uku ke nan." In ba a amsa ba, a ƙara nauyi: "Ranka ya daɗe, hankalina bai kwanta ba, iska ba ta shiga." In har yanzu shiru, sai kalmar tsayar da aiki: "Cif, a dakata, rayuwar majinyaci na cikin haɗari, ga kayan huda maƙogwaro." Ƙa'idar ita ce idan an faɗa sau biyu ba a saurara ba, mai magana yana da izini, a rubuce, ya kira wani babba daga waje. Babu rashin kunya a cikin ko ɗaya daga jimlolin nan, dukkansu da girmamawa aka faɗe su. Bambancinsu da "ko za a duba oksijin?" shi ne ba su bar wa mai sauraro ƙofar wucewa ba tare da ya amsa ba.

Rabin aikin kuma na babba ne. Likitan da ya tara ma'aikatansa minti biyu kafin a fara aikin ranar, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, ya ce musu, "Duk wanda ya ga abin da bai gane ba ya faɗa, ko ni ne na yi shi," ya riga ya rage nauyin bakin ƙananan ma'aikata. Wanda ya taɓa buɗe baki sau ɗaya a ɗaki, ko da sunansa kawai ya faɗa, ya fi samun sauƙin buɗe shi karo na biyu. Idan kuma abu ya rikice, mutum ɗaya ya cire hannunsa daga jikin majinyaci ya koma ƙafar gado yana kallon komai, domin wanda ke fama da bututu ko yake neman jijiyar da ke zubar da jini ba ya ganin komai sai abin da ke gabansa. Wani kuma a ba shi agogo, yana faɗin lokaci da ƙarfi duk bayan minti ɗaya ko biyu. A ƙayyade adadin gwaji tun farko: ƙa'idar likitocin sa barci a Ingila ita ce sau uku, da ƙarin ɗaya idan wanda ya fi ƙwarewa ya iso, daga nan a sauya hanya.

Akwai wata ɗabi'a ta matuƙa da ba ta cin ko kwabo. Idan hasumiya ta ba da umarni, matuƙi yana maimaita shi, hasumiya ta tabbatar. A asibiti sau da yawa ana jefa umarni ne cikin iska: "A ba ta magnesiyam!" Mutum huɗu sun ji, kowa ya ɗauka wani zai yi, ko biyu su yi a lokaci ɗaya. Ɗauki mace mai jijjigar haihuwa, wadda ake ba maganin magnesiyam. Allurar farko gram 4 ce ta jijiya a hankali, da gram 5 a kowane ɗuwawu. Amma maganin yakan zo da ƙarfin kashi 50 cikin 100, wanda ya dace da tsoka, na jijiya kuwa sai an sirka shi ya dawo kashi 20: mililita 8 na magani da mililita 12 na ruwan allura. Wanda ya tura shi ta jijiya da sauri ba sirki yana iya tsayar da numfashin matar. Don haka umarnin ya fito da suna: "Sista, magnesiyam gram 4 ta jijiya, a sirka, a hankali." Ita kuma ta amsa: "Gram 4 ta jijiya, takwas da sha biyu, a hankali." Ya ce, "Haka ne." In ta gama ta faɗa, da lokacin da ta gama. Daƙiƙa goma ke nan, kuma a cikinsu ake kama gram da ya koma miligram, da maganin da sunansa ya yi kama da na wani.

Sai takardar tantancewa, wadda ita ce aka fi sani, aka kuma fi yi wa mummunar fahimta. Asalinta 1935 ne, lokacin da sabon jirgin yaƙi na Boeing ya faɗi a wurin gwaji a jihar Ohio ta Amurka saboda ƙwararren matuƙi ya manta bai cire makullin da ke riƙe fikafikan sarrafawa ba. Maimakon a ce a ƙara wa matuƙa horo, sai aka rubuta ɗan gajeren jerin abubuwan da za a duba kafin tashi da sauka. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da irinta ta tiyata, ƙarƙashin jagorancin likita Atul Gawande. Abubuwa 19 ne, an raba su a tsayawa uku. Kafin a sa barci ana tambayar majinyaci da bakinsa sunansa da aikin da za a yi masa da ɓangaren da za a yi, a duba ko an yi alama a wurin, ko na'urar auna oksijin na maƙale a yatsa tana aiki, ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, ko maƙogwaronsa zai yi wuyar zura bututu, ko ana tsammanin zubar jini fiye da mililita 500, ko mililita 7 a kowane kilo ga yaro. In ana tsammani, a sa allurar ƙarin ruwa biyu, jini kuma ya kasance a kusa. Kafin wuƙa ta taɓa fata kowa ya tsaya, a gabatar da juna, a sake tabbatar da majinyaci da aikin, a tabbatar an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce, likitan tiyata ya faɗi inda yake jin tsoro a aikin. Kafin a fita da majinyaci kuma nas ta faɗa da ƙarfi cewa ƙidayar auduga da allurai da ƙarafa ta cika, an rubuta suna a kan naman da za a kai gwaji, a kuma faɗi abin da masu karɓarsa za su sa wa ido.

An gwada ta a asibitoci takwas, daga Landan da Toronto da Seattle har zuwa Manila da Ifakara a karkarar Tanzaniya. Sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100, matsalolin bayan tiyata daga kashi 11 zuwa 7. Duniya ta ɗauka an samu magani mai arha. Lardin Ontario na Kanada ya tilasta wa asibitocinsa amfani da ita, asibitoci suka riƙa kai rahoton cewa suna cike ta kusan kowane lokaci, amma da aka duba asibitoci 101 a 2014 sai aka ga mace-mace sun sauka ne daga kashi 0.71 zuwa 0.65 kawai, bambancin da ba a iya cewa takardar ce ta kawo shi. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya an gwada takardar haihuwa a cibiyoyi 120, har da masu koyarwa da ke zuwa akai-akai. Ungozomomi sun ƙara bin matakan sosai, amma mutuwar uwa da jariri ba ta ragu ba. Takarda ba ta samar da jini, ba ta samar da motar da za ta kai mace babban asibiti cikin dare.

Inda abin ya yi aiki, akwai abin da ke ƙarƙashin takardar. A jihar Michigan ta Amurka, sassan kulawa ta musamman 103 sun bi matakai biyar na likita Peter Pronovost wajen zura bututu a babbar jijiyar jini: wanke hannu, rufe jiki da majinyaci da tsaftatattun kaya, goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kilohekzidin, guje wa jijiyar matsematsi, da cire bututun da zarar an daina buƙatarsa. Cutar da ke shiga jini ta wannan hanya ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Likitoci sun san matakan nan tun suna ɗalibai. Sabon abu shi ne an ba nas ikon tsayar da likitan da ya tsallake mataki, shugabannin asibiti suka tsaya mata, aka tara kayan duka a keke guda, aka kuma riƙa nuna wa kowane sashe alƙalumansa. Asibitocin tsofaffin sojojin Amurka kuwa rufe ɗakunan tiyata suka yi na yini guda domin likita da nas da mai sa barci su zauna horo ɗaya, aka ci gaba da bibiyarsu shekara guda. Mace-macen tiyata sun ragu da kashi 18 a asibitoci 74 da aka horar, da kashi 7 a waɗanda ba a kai gare su ba tukuna.

Wanda ya san ɗakin tiyata ya san yadda takarda ke mutuwa. Nas ce kaɗai ke cike ta a lungu bayan an gama aiki. Ana karanta ta alhali likita yana waje yana wanke hannu. Kwamiti ya ƙara mata abubuwa har ta kai shafi uku. Masu rubuta ta matuƙa suna riƙe kowace tsayawa a kan abubuwa biyar zuwa tara, waɗanda mantawa da su ke kisa, kuma a gama cikin minti ɗaya ko ɗaya da rabi. Ana faɗa ne da baki, wani ya tambaya wani ya amsa da abin da ya gani. "An ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta?" Amsar da ake so ita ce sunan maganin da ƙarfe nawa aka ba da shi. "Eh" kaɗai ba amsa ba ce. Asibitin da ke son sanin gaskiyar lamarinsa ya tura mutum ya tsaya ya kalli yadda ake yi, ƙidaya takardun da aka cike ba ta nuna komai.

Misali mafi kusa da mu, kuma a ganina mafi ƙarfi, shi ne binciken zubar jini bayan haihuwa da aka kira E-MOTIVE, wanda aka buga a 2023. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano tana cikin jagororinsa. Babu sabon magani ko ɗaya a ciki. Matsala ta farko da aka gano ita ce ido ba ya iya auna jini. Zani ya sha, katifa ta sha, wani ya zuba a ƙasa, ungozoma ta ƙiyasta ƙasa da abin da ya zuba, sai mace ta fara sanyi sannan a farga. Sai aka riƙa shimfiɗa wata leda mai aljihu da ma'auni a ƙarƙashin mai jego da zarar ta haihu, ana dubawa duk minti 15. In jini ya kai mililita 500, ko 300 tare da wata alamar haɗari kamar saurin bugun zuciya ko saukar awon jini, an shiga halin gaggawa, ba sai an jira ra'ayin kowa ba. Matsala ta biyu ita ce al'adar gwada magani ɗaya a jira a gani, sannan a gwada na biyu. Aka ce a yi su duka tare: a murza mahaifa, a ba da oksitosin mai sa mahaifa ta matse, a ba da tiranekzamik asid mai rage zubar jini gram 1 ta jijiya, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, in bai tsaya ba a kira na gaba nan take. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, don haka aka riƙa yin atisaye a ɗakin haihuwar kansa, kowa ya san inda zai tsaya, aka ajiye kayan duka a akwati ko keke guda da ake cikawa bayan kowane amfani. An gano zubar jini a kashi 93 cikin 100 na matan da ta same su, a asibitocin da ba su sauya ba kuwa kashi 51. Mummunan sakamako, wato zubar lita guda ko fiye, ko buɗe ciki don tsayar da jini, ko mutuwa, ya sauka daga kashi 4.3 zuwa 1.6. Ma'auni da ke yanke gardama, matakin da aka amince da shi tun kafin ranar, atisaye tare, kaya a hannu: tsarin matuƙa ne sak, kuma ungozomomi ne suka gudanar da shi. Sai dai oksitosin da ya kwana a zafi ba firji ƙarfinsa yana raguwa, don haka mai kula da ma'ajiyar magani da mai kunna janareta su ma suna cikin tawagar.

Yawancin mutuwa ma ba a kan teburin tiyata take faruwa ba. Binciken da aka yi a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, aka buga a 2018, ya bi majinyata 11,422. Sun fi takwarorinsu na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, amma haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya ninka. Kusan kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka mutu, bayan ranar aikin suka mutu, a ɗakin kwanciya, inda nas ɗaya ke riƙe da gadaje masu yawa cikin dare. Jikin majinyaci yakan yi awoyi yana ba da alama kafin ya faɗi: numfashi ya ƙaru, bugun zuciya ya hau, awon jini ya sauka, fitsari ya ragu, ya fara ruɗewa. Yawan numfashi shi ne yakan fara sauyawa, kuma shi aka fi rubutawa da ka ba tare da an ƙirga ba. Takardar awo da aka yi wa launi, rawaya a kira likita, ja a zo yanzu, tana ɗauke wa nas nauyin shawarar ko ta tashi likita daga barci. In ta kira kuma, tsarin SBAR, wanda aka aro daga jiragen ƙarƙashin teku na sojan ruwan Amurka, yana tsara mata magana: abin da ke faruwa, tarihin majinyaci a taƙaice, abin da take zato, abin da take so a yi. "Dakta, gado na shida ce, numfashi 30, bugu 125, awon jini 85. Jiya da yamma aka yi mata aikin haihuwa. Ina jin jini ne ke zuba a ciki. Ka zo yanzu, zan sa ruwa in aika a haɗa jini." Lokacin miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu kamawa shi ma rami ne da bayani ke faɗawa. A asibitocin yara tara a Amurka da Kanada, tsara miƙa aiki, da sa mai karɓa ya maimaita abin da ya ji, ya rage cutarwar da za a iya kauce mata da kashi 30 cikin 100. Mu kuma muna da wani ido da ba mu cika amfani da shi ba. Mai jinya, uwa ko miji ko 'yar'uwa, tana zaune a gefen gado dare da rana, ita ke fara cewa "ba haka yake ɗazu ba." Ingila sai a 2024 ta fara ba iyali damar kiran wata tawaga ta daban in sun ga jikin nasu yana taɓarɓarewa ba a saurare su ba. A nan, faɗa wa mai jinya alamomi uku ko huɗu da za ta lura da su, da wanda za ta kira, aikin minti biyu ne.

Duk waɗannan suna tsaye ne a kan yadda ake ɗaukar kuskure bayan ya faru. Dokar binciken haɗarin jirgin sama ta duniya, wadda hukumar binciken haɗurra ta Najeriya, NSIB, ma ke bi, ta ce manufar bincike ita ce hana maimaituwa, ba raba laifi ba. Tun 1976 matuƙa a Amurka ke aika rahoton kurakuransu da abubuwan da suka kusa faruwa zuwa NASA a asirce, ana cire suna, ana yaɗa darasin. Asibiti kuwa ya saba da neman wanda za a ɗora wa. Shari'ar Dakta Hadiza Bawa-Garba, 'yar asalin Najeriya da ke aiki a Leicester ta Ingila a lokacin, ta nuna haɗarin hakan. Wani yaro ɗan shekara 6 ya rasu a hannunta a 2011, kuma an yi kurakurai na gaske a jinyarsa. Amma ranar ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba, tana riƙe da aikin da ya fi ƙarfin likita ɗaya, kwamfutar sakamakon gwaji ta tsaya na awoyi, babban likitan da zai duba aikinta ba ya kusa. Kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci a 2015, aka soke lasisinta a farkon 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar mata da shi a watan Agustan shekarar. Likitoci da yawa a Ingila sun fito fili sun ce za su yi taka-tsantsan da rubuta kurakuransu. Wannan ba ya nufin babu hukunci ko kaɗan. Wanda ya zo aiki a buge, ko ya yi ƙarya a fayil, ko ya bar majinyaci ya tafi asibitinsa na kuɗi, a hukunta shi. Tambayar da ke raba su ita ce: da an sa wani ma'aikaci mai irin horonsa a wurin, a daren, da kayan da ke akwai, zai iya yin kuskuren nan? In amsar eh ce, korar mutum ɗaya ta bar tarkon a ɗane. Tsarin bitar mutuwar mata masu juna biyu da jarirai da Najeriya ta ɗauka an gina shi a kan ba suna, ba zargi, amma zama ɗaya da aka ci mutuncin ƙaramin likita ya isa ya sa fayiloli su fara zuwa a gyare. Mun yi imani kwana in ya ƙare ba makawa, kuma da wannan ake yi wa iyali ta'aziyya. Bai hana washegari a zauna a tambayi dalilin da jini ya ɗauki awa uku kafin ya iso ba.

Kwaikwayon yana da iyaka, kuma masu tallata shi sukan wuce ta. Jirgi injin ne da aka ƙera iri ɗaya, da littafinsa. Majinyata biyu masu cuta ɗaya ba sa tafiya iri ɗaya, wani ma ba a san me ke damunsa ba. Matuƙi yana da jerin kayan da in ɗaya ya lalace doka ta hana shi tashi, yana kuma da iyakar awoyin aiki. Likita ba zai ce wa mace mai naƙuda da mahaifa ta fashe ta dawo gobe ba. Bincike ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu, aikinsa yana lalacewa kamar na wanda ke da giya kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, ga shi likitocinmu masu neman ƙwarewa sukan wuce haka a kiran dare ɗaya, kuma guduwar ma'aikata zuwa ƙasashen waje tana ƙara wa waɗanda suka rage nauyi. Horon aiki tare ba zai maye gurbin nas da ba a ɗauka ba. Amma aikin da ba na gaggawa ba, kamar gwaiwa ko ƙari da aka sa wa rana, ya kamata a yi masa dokar matuƙa: babu na'urar auna oksijin, ko injin zuƙe majina, ko silindar oksijin ta biyu, ko man janareta, to ba a sa barci, kuma wanda ya ɗage aikin kada ya sha faɗa.

Injiniyoyin jirgi sun kuma san cewa gargaɗi da horo su ne mafi raunin kariya, gara a ƙera abu yadda kuskuren ba zai yiwu ba. A 2001 wani matashi ya mutu a Nottingham ta Ingila bayan an tura masa maganin sankara mai suna binkiristin ta ƙashin baya maimakon jijiya, kuskuren da aka sha yi a ƙasashe da dama duk da gargaɗin da ke jikin kwalba. Gyaran da ya yi tasiri shi ne a daina zuba maganin a sirinji, a riƙa kawo shi cikin ƙaramar ledar ƙarin ruwa, daga baya kuma aka ƙera alluran ƙashin baya da bakin da sirinjin jijiya ba ya shiga. Ƙaramin asibiti ma yana da irin nasa: a kwashe allurar fotasiyam mai ƙarfi, wadda ke iya tsayar da zuciya, daga ɗakunan kwanciya a mayar da shi kantin magani, a raba wa kwalabe masu kama da juna wurin ajiya, a rubuta suna a kan kowane sirinji da zarar an zuƙi magani, a kuma sa wa kowane majinyaci abin hannu mai sunansa da lambar katinsa, domin ɗaki ɗaya yana iya ɗaukar A'isha Muhammad uku.